Kalma uwa da 'ya'yanta: abin lura ga sabon zuwa Ingila

Wanda ya sauka Ingila da Turancin makaranta yakan ɗauka cewa sanin kalma ɗaya ya wadatar, har sai ranar da ya shiga kanti yin cefane. Kalmomi suna da uwa da 'ya'ya. Kamar yadda hatsi ya tattaro gero da dawa da maiwa, haka "meat" ya tattaro "beef" (naman shanu) da "mutton" (naman rago) da "lamb" (naman ɗan rago) da "pork" (naman alade), kuma a jikin kwali sunan ɗan ake rubutawa, uwar ba ta cika bayyana ba.

Wannan ya fi shafar Musulmi. Mu muna cewa naman shanu, naman rago, naman alade, sunan dabbar yana nan a fili. Turanci ya raba sunan wasu dabbobi da na namansu, domin bayan Normawa sun zo daga Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, wasu sunayen nama suka shigo daga Faransanci, dabbobin kuwa suka riƙe tsofaffin sunayensu. Ita ma "pork" uwa ce mai 'ya'ya: "bacon" da "ham" da "gammon" duk naman alade ne, "lard" kuma kitsensa ne, sannan "gelatine" da ake sawa a alawa sau da yawa daga alade ake samunsa. Dokar abinci ta Birtaniya ta wajabta a fito da sunayen abubuwa 14 da jikin wasu mutane ba ya karɓa, irin su gyaɗa da madara da ƙwai, amma alade ba ya cikinsu, don haka babu wanda zai ja maka layi a ƙarƙashinsa. Ina roƙon ka haddace waɗannan sunaye tun makon farko, tare da "cider" da "sherry" da "rum", waɗanda duk giya ce.

A wajen zumunta lamarin yakan juya. "Uncle" ɗaya ya haɗe kawu da baffa, amma ɗan'uwa namu ya fi "brother" faɗi nesa ba kusa ba. Idan kana cike takardar biza ko ta zama, "brother" na nufin wanda kuka haɗa uwa ko uba. Ɗan baffanka da kuka taso gida ɗaya, kuna cin tuwo a kwano ɗaya, "cousin" za ka rubuta masa, don kada jami'in shige da fice ya ga saɓani a takardunka ya ɗauka ƙarya ka yi.