Yadda za ka kare tukunyarka daga cutar haukan shanu

Wutar girki ba ta kashe abin da ke kawo cutar haukan shanu. Da wannan nake fara wa duk wanda ya tambaye ni, domin na daɗe ina duba nama a mayanka, kuma na san tunanin yawancin mutane: in nama ya dahu luguf, magana ta ƙare. Ga tsutsa da galibin ƙwayoyin cuta, haka ne. Wannan kuwa ba ƙwayar cuta ba ce. Wani furotin ne, wato sinadarin gina jiki, da ya lanƙwashe ba daidai ba, masana na kiran sa firiyon. In ya shiga jiki, sai ya riƙa lanƙwasa lafiyayyun 'yan'uwansa da ke ƙwaƙwalwa, har ta cika da ƙananan ramuka. Bincike a kansa ne ya ba Stanley Prusiner kyautar Nobel a 1997. Tafasawa, suya, gashi, gishiri, firiza, duk ba sa yi masa komai. A asibiti ma sai an turara kayan tiyata a zafin digiri 134, wani lokaci kuma ƙone su ake yi a huta. To ina ga murhunka?

Saboda haka kariyar tana bakin wuƙa. Firiyon ba ya warwatsuwa ko'ina a jikin saniya, yana da wuraren da yake taruwa: ƙwaƙwalwa, idanu, laka, wato farar igiyar nan da ke bi ta cikin ƙashin baya, da ƙullin jijiyoyin da ke maƙale a gefen ƙashin bayan. Sai ƙullutun naman nan biyu da ke can cikin maƙogwaro, da ƙarshen ƙaramin hanji. Waɗannan su ake cirewa a zubar. A Amurka doka ta hana cin ƙwaƙwalwa da laka da idanun duk saniyar da ta kai wata 30, na maƙogwaro da ƙarshen hanji kuwa an hana su ko da na maraƙi ne. Tarayyar Turai ta fi tsanani a kan kai da laka, daga wata 12 ta fara. Ni dai a gidana ba na jiran lissafin watanni, ƙwaƙwalwar saniya da laka ba sa shiga tukunya.

In kai ne mai yanka kuma ba ka da takardar shekarun dabbar, buɗe bakinta ka dubi haƙoran gaba na ƙasa. Manyan haƙora biyu na tsakiya su ke fara maye gurbin na nono. Da zarar na uku ya ɓullo a gefensu, ka ɗauke ta a matsayin wadda ta kai wata 30. Haka masu duba nama a Amurka suke yi.

Wajen fiɗa ne ake yawan ɓata aiki. Mahauci ya tsaga gadon baya da zarto ko gatari, laka ta tarwatse ta shafi tsoka mai kyau, sannan ya ci gaba da sara da wuƙar nan a kan katakon nan. A zare lakar gaba ɗaya daga cikin ƙashin, kada a bar guntu. A ware wuƙa daban domin kai da baya. Kada a fasa ƙoƙon kai a inda ake yanka tsoka. Sabulu yana wanke maiƙo ne kawai, ba ya lalata firiyon, don haka hana shi taɓa naman tun farko ya fi sauƙi a kan neman wanke shi.

Mai saye kuma, tsokar da kake gani da idonka ta fi niƙaƙƙen naman da ba ka san abin da aka haɗa a ciki ba. A Birtaniya, a shekarun 1980, ana amfani da inji a tatse ragowar naman da ya maƙale a ƙashi, har da na baya, a zuba shi a boga da sosej masu araha. Ana ganin ta nan cutar ta fi shiga bakin mutane, kuma daga baya aka hana. Naman shanu da yawa ake gwamutsawa a injin niƙa, wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari. Zaɓi tsokarka, a niƙa maka a gabanka. Madara ba a same ta da laifi ba, sha abarka.

Wanda ke kiwo, nauyinsa ya fi na kowa, domin daga kwamin abinci annobar ta taso. Saniya ba ta harbin 'yar'uwarta ta numfashi ko cuɗanya. Abin da ya faru a Birtaniya shi ne, ana dafa ragowar gawar dabbobi a busar, a niƙe ta zama garin nama da ƙashi, a zuba a abincin maruƙa don su yi saurin girma. Dabba mai cin ciyawa aka mayar mai cin 'yar'uwarta. An gano cutar a 1986, aka hana ciyar da shanu wannan gari a 1988, amma da yake tana ɓoyewa a jiki shekara huɗu zuwa biyar, sai a 1992 ta kai ƙololuwa, inda aka tabbatar da ita a shanu kusan 37,000 cikin shekara ɗaya. A 1990 ministan gona John Gummer har miƙa wa ƙaramar 'yarsa boga ya yi a gaban 'yan jarida don ya kwantar da hankalin jama'a. Ranar 20 ga Maris 1996 gwamnati ta fito ta amsa cewa da alama cutar tana tsallakawa zuwa ga mutane. Sama da shanu miliyan 4 aka hallaka. Karanta abin da aka rubuta a buhun abincin dabbobinka. In da garin nama ko na ƙashi, kada saniya ko tunkiya ko akuya ta kusance shi. In kana ba kaji ko kifi irin wannan abinci, raba ma'ajiya, raba cebur, raba bokiti, domin abin da bai kai giram ɗaya ba na ƙwaƙwalwar da ta kamu ya isa ya harbi maraƙi.

Saniyar da ta fara firgita da ƙaramin motsi, tana harbi da ƙafa in an taɓa ta, tana tangaɗi da ƙafafun baya, tana ramewa, nononta ya ragu, ko ta kwanta ta kasa tashi, ba ta yanka ba ce. Na san zafin asara, na kuma san dabarar yi mata wuƙa kafin ta mutu. Kira likitan dabbobi. Babu gwajin da ke tabbatar da cutar a dabba mai rai, sai an duba ƙwaƙwalwa bayan ta mutu, kuma ciwon haukan kare ma yana zuwa wa saniya da alamu masu kama da waɗannan, shi kuwa ko yawunta haɗari ne. Kada a jefa wa dabbobin gida gawar. Kyanwoyi a Birtaniya sun kamu da irin cutar ta abinci.

A jikin mutum ba ta da magani. Tana farawa da damuwa da sauyin hali, sai tangaɗi, sai gushewar hankali, yawanci cikin shekara ɗaya da 'yan watanni rai ya yi halinsa. Mutum 178 ta kashe a Birtaniya, galibinsu matasa. In aka auna da miliyoyin da suka ci naman a lokacin, adadin kaɗan ne, kuma yau cutar ta kusa ɓacewa saboda dokar abincin dabbobi. Jefi-jefi dai akan samu wani nau'inta da ke tasowa da kansa a tsohuwar saniya, kamar yadda aka gani a Brazil a 2021 da 2023, shi ya sa ba a daina cire kai da laka ba. In naman gwangwani ko daskararren nama za ka saya, duba ƙasar da ya fito. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya tana raba ƙasashe gida uku: masu haɗari kaɗan ƙwarai, waɗanda suka shawo kan haɗarin, da waɗanda ba a tantance matsayinsu ba. Kwalin da bai faɗi ƙasar da aka yanka dabbar ba, mayar da shi kan kanta.