Yadda Ake Zaɓa da Kafa Fitilar Bango a Wurin Madubin Banɗaki

A yawancin banɗakunan gidajenmu ƙwan lantarki ɗaya ne tak, ko dai a tsakiyar rufi ko a saman ƙofa, shi ya sa wanda ya tsaya gaban madubi zai yi aski ko kwalliya yakan tarar hasken yana bayansa, fuskarsa kuma tana cikin inuwa. Maganin wannan shi ne fitilar da ake kafawa a bango kusa da madubi, amma da yake wuri ne da ruwa da lantarki suke maƙwabtaka, bai kamata kyan fitila ya zama abin da za a fara dubawa ba.

Abin da za a fara nema a jikin kwalin shi ne haruffan IP da lambobi biyu da ke biye da su. Ta farko tana nuna yadda fitilar ke hana ƙura shiga, ta biyu kuma ruwa. Mai IP20 ta falo ce da ɗakin kwana, komai kyanta ba ta dace da nan ba. Mai IP44 tana jure fantsamar ruwa daga kowane ɓangare, kuma a ƙa'idar Ingila, wadda aikin wayoyin Najeriya ya gada, irin wannan kariya ce mafi ƙaranci ga fitilar da ke cikin tazarar santimita 60 daga wurin wanka. Sai dai banɗakinmu sau da yawa ƙarami ne, babu abin da ya raba shawa da wurin wanke hannu, ga wanka da bokiti da wankin bango da ruwa gaba-gaɗi, saboda haka a ganina mai IP65, wadda ke jure feshin ruwa kai tsaye, ta fi kwantar da hankali ko da kuɗinta ya ɗan ɗara. A kuma guji jikin baƙin ƙarfe mai fenti, domin damshi zai sa shi tsatsa. Alminiyam ko roba mai kauri sun fi ƙarko.

Ƙarfin haske kuwa da lumen ake auna shi, ba da wat ba. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da kusan lumen 800, daidai da tsohon ƙwai mai wat 60, kuma guda biyu sun ishi madubi ɗaya. Launin hasken ma abin lura ne: mai lamba 6500K, wanda ya cika kasuwa, fari ne fat mai ratsin shuɗi da ke kwashe wa fuska launinta, mai 2700K kuma ya yi rawaya da yawa, don haka tsakanin 3000K da 4000K ya fi nuna fata da hoda yadda suke. A zaɓi mai gilashi dishi-dishi don kada ya kashe ido. Fitilar da ake iya sauya wa ƙwai ta fi wadda aka haɗa da ƙwanta, musamman inda wuta ke hawa da sauka, domin idan ƙwan ya ƙone ba sai an cire komai daga bango ba.

Wurin kafawa shi ne abin da aka fi yin kuskure a kansa. Fitilu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu da madubi, a tsayin ido, wato kimanin santimita 150 zuwa 170 daga ƙasa, su ne ke haska fuska ba tare da inuwa a ƙarƙashin ido da haɓa ba. Idan bangon bai da faɗi, sai a sa doguwa guda ɗaya a saman madubi, kimanin mita 2 daga ƙasa, tsakiyarta daidai da tsakiyar famfo.

Kafin a taɓa waya, a kashe wutar daga babban akwatin rarraba wuta, ba daga makunni kawai ba. Ɗauke wutar NEPA ba hujja ba ce, domin tana iya dawowa ba sallama, kuma a gidan da ke da janareta ko sola da batura dole a kashe su ma. A gwada testa a soket mai wuta don a tabbatar tana aiki, sannan a gwada kowace waya da ita.

Daga nan sai a ɗora farantin bayan fitilar a bango, a daidaita shi, a yi alamar ramuka. Wayoyi da bututun ruwa galibi a miƙe suke tafiya cikin bango, sama ko gefe daga makunni da famfo, don haka a kauce wa waɗannan layuka. Idan tayil ne, a manna salatif a wurin don kada bakin injin huda bango ya zame, a huda a hankali ba tare da kunna bugun injin ba har sai an wuce tayil ɗin, in ba haka ba zai tsage. Ramin milimita 6 da fisha, wato robar da ake cusawa a ramin don ta riƙe sukuru, daidai da shi sun isa fitila mara nauyi.

A tsofaffin wayoyi ja ce mai wuta, baƙa ce abokiyarta, koriya kuma ta ƙasa, wato wayar kariya da ake kira "earth". A sababbi kuwa ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya abokiyarta, mai kore da rawaya ta ƙasa. Mai wuta tana shiga inda aka rubuta L, abokiyarta N, ta ƙasa kuma inda alamarta take. Fitila mai jikin ƙarfe ba a kafa ta ba tare da wayar ƙasa ba, sai dai idan tana ɗauke da alamar murabba'i cikin murabba'i, wadda ke nuna tana da rufin kariya daga wuta ninki biyu. A ɗaure wayoyin da sukuru cikin mahaɗinsu, kada a murɗe su a naɗe da salatif, domin damshi yana kwance shi. Bayan an ɗaure fitilar, a shafa silikon a samanta da gefunanta, a bar ƙasan don duk ruwan da ya shiga ya samu mafita.

Makunni ya fi dacewa a wajen ƙofa, kuma yana da kyau layin ya kasance da na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta nan take idan ta fara zurarewa. Idan babu waya a wurin tun asali, ko aka mayar da wuta ta sake yankewa, a bar layin a kashe a kira ƙwararren ma'aikacin lantarki.