Yunwa, Ƙwaya da Lemon Kwalba: Kurakuran Masu Wuni a Wurin Aiki

Na gaji da ganin sababbin ma'aikata suna faɗawa rami ɗaya. Yaro ya fito gida da sassafe bai karya ba don kada cunkoso ya tsare shi a hanya, ya zauna gaban kwamfuta, kafin ƙarfe goma sha ɗaya ya fara dafe goshi yana cewa kansa na sara. Daga nan ɓarnar take farawa.

Wannan ciwon kan, sau da yawa, yunwa ce da ƙishirwa. Amma maimakon ya nemi abin sa wa a baki, sai ya aiki masinja kemis a sayo masa ibuprofen ko diclofenac, ya haɗiye da ruwan leda, ciki fayau. Gobe haka, jibi haka. Irin waɗannan ƙwayoyi suna rage kariyar da ke bangon ciki, sai ruwan da ke narkar da abinci ya samu damar cin naman cikin. In ya kwanta sai ka ji yana cewa yunwa ce ta ba shi olsa. Manyan abubuwan da likitoci suka sani suna haddasa gyambon ciki biyu ne: ƙwayar cutar nan H. pylori, da yawan shan irin waɗannan magunguna. Yunwa tana hura wutar ne kawai. Ni wannan ɗabi'ar ta taɓa kwantar da ni a gadon asibiti ana ƙara mini ruwa, shi ya sa ba na yi wa kowa sassauci a kanta. Ƙanena, in kanka ya fara sara, sha ruwa, ci wani abu, ka jira rabin awa tukun. Abin da nake yi shi ne in dafa ƙwai biyu tun da dare in jefa a jaka. Ranar da ban samu ba, koko da ƙosai a bakin titi sun ishe ni, minti goma kawai.

Na biyu, kuma wanda ya fi ba ni haushi, shi ne mai da lemon kwalba abincin rana. Burodi ko biskit a hannun hagu, roba mai sanyi a hannun dama, wai an ci abinci. Robar nan ta 50cl, in irin baƙin lemon da aka saba ne, sukarin cikinta ya kai giram 50. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi kada babban mutum ya wuce kusan giram 50 na sukari a yini gaba ɗaya, wajen ƙaramin cokali 12, in da hali ma a tsaya a rabin haka. Ka ga roba ɗaya ta cinye rabonka na yini, ba a lissafa shayin safe da mai shayi ya zabga wa sukari da madara ba. Ga shi kuma ba ya riƙe ciki. Awa ɗaya ka ji garau, bayan azahar sai kasala ta rufe ka, ka sake aikawa a kawo maka na ƙarin kuzari, da dare kuma barci ya gagara. Kada ka ce mini ai zoɓo kake sha. Zoɓon da ake sayarwa a roba, je ka tsaya ka ga sukarin da ake juye masa. Kuma wallahi kuɗin lemo da biskit ɗin nan sun isa a zuba maka wake da shinkafa da ɗan salak, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, abin da zai kai ka magariba.

Sauran ƙanana ne. Wanda ya wuni da yunwa ya rama da malmalar tuwo uku ƙarfe biyu, ya san la'asar a kan tebur zai yi ta da gyangyaɗi. A rage zuwa ɗaya, a yawaita miya. Indomie kullum, da garin ɗanɗanonta duka har da ƙarin magi, gishiri ne tsagwaronsa, alhali giram 5 aka ce ya isa a yini. Fura da nono abinci ne na ƙwarai, sai dai ka ce wa mai damawa ta sassauta hannu wajen sukari. Goro ba abinci ba ne, yana danne yunwa ne na ɗan lokaci.

A aljihun teburina ba a rasa gyaɗa soyayya, aya da 'yan dabino, sai gorar ruwa da nake cikawa da safe in sake cikawa bayan azahar. Lokacin yalo ko gwaiba nakan saya a hanya. In taro ya ja har ya wuce lokacin cin abinci, da su nake riƙe ciki har a tashi.