Yadda ake daidaita fok da shok na babur a wasan MX Bikes

Kusan duk wanda na gani ya fara MX Bikes, wasan tseren babur a kan ƙasa da PiBoSo ya ƙirƙira kuma ya shiga Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, a shekarar 2019, hanya ɗaya yake bi. Zai faɗi sau goma a zagaye guda, ya ɗora wa babur laifi, sannan ya je ya kwafo saitin fok da shok na wani gwani, wato masu shanye gargada a tayar gaba da ta baya, ya zuba a nasa. Abin da bai sani ba shi ne an yi wannan saiti ne don gudun gwanin, wanda yake dira daidai kan gangaren kowane tsalle kuma yake shiga kwana da ƙarfin da zai danne sifirin mai tauri. Sabon ɗan wasa da ya hau irin wannan babur ji zai yi kamar ya hau katako, tayar gaba tana zamewa a kowace kwana. Saboda haka ka ajiye saitin kowa, ka koma wanda babur ɗin ya zo da shi, daga nan za mu fara.

Mataki na farko ba ya buƙatar taɓa komai a gareji, wato sashen wasan da ake sauya saitin babur. Ka zaɓi babur ɗaya, kuma na fi son ka ɗauki mai injin 250 domin ƙarfin 450 yana ɓoye kurakuran saiti a bayan kurakuran totur. Ka zaɓi fili ɗaya wanda ka san kwanoninsa, ka shiga wurin gwaji kai kaɗai, ka yi ta zagayawa har lokutan zagayenka biyar a jere su kusanci juna, tazararsu ba ta wuce daƙiƙa biyu ba. Idan ba ka kai nan ba, duk abin da ka sauya ba za ka iya bambance tasirinsa da na rawar hannunka ba. A nan ne kuma zan ce kada ka wahalar da kanka da madannan kwamfuta. Hannun gem mai maɓallan da ake dannawa a hankali, ko da na hannu ne ka saya da araha, ya fi kowane saiti amfani, domin birki da totur da ake bugawa gaba ɗaya suna jefa nauyin babur gaba da baya ta yadda babu shok ɗin da zai iya shanyewa.

Mataki na biyu shi ne ka gano inda kowace lamba take nufa. A babur na gaske makanikai suna ƙirga dannin sukurun daidaitawa ne daga inda ya rufe ruf, don haka babbar lamba tana nufin laushi, amma wasannin kwamfuta ba duka suke bin wannan ƙidaya ba, kuma na ga mutane da yawa suna ƙara tauri alhali sun ɗauka sassautawa suke yi. Maganin abin mai sauƙi ne. Ka kai saiti ɗaya ƙarshensa na sama ka yi zagaye biyu, ka kai shi ƙarshensa na ƙasa ka sake yin biyu, sannan ka mayar da shi inda yake. Minti goma za ka kashe, amma daga ranar hannunka ya san yadda kowane ɓangare yake ji. Bayan wannan kuma doka ɗaya ce ba na sassautawa a kanta: abu ɗaya ake sauyawa a lokaci ɗaya, danni biyu kacal, a yi zagaye uku, a rubuta sakamakon a takarda.

Sai sifirin da matsinsa, wanda ’yan wasa ke kira firilod. Babur ɗin tseren ƙasa na zamani yana da tafiyar fok da ta shok, wato iyakar nisan da taya take iya shigewa sama idan an danne su, wajen milimita 300 zuwa 310, kuma ana son idan mahayi ya zauna bayan babur ya nutse kimanin kashi ɗaya cikin uku na wannan, wato milimita 100 zuwa 105. Wannan nutso shi ake kira sag. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne matsa sifirin ba ya ƙara masa tauri, tsayin da babur yake zama a kai kawai yake sauyawa. Idan ka ƙara matsin na baya, bayan babur zai ɗaga, nauyi ya koma gaba, babur ya riƙa shiga kwana da sauri amma kansa ya fara karkarwa a miƙaƙƙiyar hanya. Idan ka rage, bayan zai zauna, babur ya natsu a guje amma ya riƙa buɗewa waje a kwana kamar mai ƙin juyawa. Ka gyara wannan har juyawar babur ta yi maka daidai. Ƙarfin sifirin kansa kuwa, wanda ake aunawa da Newton a kowace milimita, kada ka taɓa shi sai idan babur yana buga ƙarshensa a dirar da ka yi daidai, ba wadda ka gaza kai gangare ba. Idan kuma ka ƙara ƙarfin na gaba, ka ƙara na baya tare da shi domin kada babur ya karkata.

Daga nan sai dannuwa, wadda a garejin wasan ake kira bamp, wato yadda mai yake rage saurin shigewar fok ko shok. A baya an raba ta biyu, mai jinkiri da mai sauri, kuma sunayen suna ruɗar mutane domin ba gudun babur ake nufi ba, saurin motsin sandar shok ɗin ake nufi. Zaman da bayan babur yake yi idan ka murɗa totur, ko nutsewarsa a fuskar tudun tsalle, aikin mai jinkiri ne ko da kana gudu sosai. Dukan da taya take sha a bakin rami mai kaifi ko a dira mai tsanani aikin mai sauri ne ko da a giya ta biyu kake. Idan gaban babur yana nutsewa da yawa a birki har kana jin za ka kifa, ka ƙara dannuwar fok. Idan ƙananan gargada suna girgiza allon gaba ɗaya kuma tayar gaba ba ta kama ƙasa, ka rage.

Yanzu mun zo inda gizo yake saƙa, wato dawowa, wadda ake kira ribawun. Wannan saiti ne yake tsayar da saurin da sifirin yake miƙewa bayan an danne shi, kuma shi ne ya ci mini kusan mako biyu a banza. A wani fili akwai jerin tuddai ƙanana masu kama da kunyoyin gona, guda takwas ko tara a jere, kuma kullum na shiga su da gudu sai bayan babur ya fara wutsil-wutsil daga ta biyar, ya bugi hagu ya bugi dama, ya watsar da ni. Jin da nake yi a hannu shi ne shok ya yi tauri, don haka na yi ta sassauta dannuwa, har na kai ga sauke ƙarfin sifirin, abin kuwa sai ƙara lalacewa yake yi. Garin neman gira na kusa rasa ido, domin babur ɗin da a da yake dira lafiya ya koma buga ƙarshensa a kowane tsalle.

Abin da ya warware mini matsalar shi ne maimaicin bidiyo da wasan yake ajiyewa. Na sa kyamara a gefe, na rage saurin hoton, na zuba ido a kan tazarar da ke tsakanin tayar baya da madigadi. A kunya ta farko tazarar ta rufe ta sake buɗewa, amma ba ta buɗe duka ba kafin taya ta ci karo da ta biyu. A ta uku ta ƙara raguwa. Kafin ta biyar taya ta kusa manne da madigadi, ba ta da sauran wurin shigewa. Ashe shok ɗin ba tauri ya yi ba, dawowarsa ce ta yi jinkiri, kowace kunya tana cinye wani yanki na tafiyarsa ba tare da ya samu damar biya ba, har ya taru a can ƙasa inda mahaɗan shok suke sa shi ya fi ko’ina tauri. Sassauta dannuwar da nake yi kuwa taimaka masa nake yi ya nutse da wuri. Da na mayar da sifirin da dannuwa inda suke, na saki dawowa da danni huɗu, sai babur ya bi saman kunyoyin a miƙe.

Don haka ga yadda nake so ka gwada naka. Ka nemi wuri mai gargada a jere, ko kunyoyi ko ramukan da birki yake haƙawa kafin kwana, ka bi shi sau uku, sannan ka kalli maimaicin daga gefe. Idan tazarar taya da madigadi tana raguwa daga tudu zuwa tudu kuma bayan babur yana wurgawa gefe da gefe, dawowa ta yi jinkiri, ka sassauta ta. Idan kuwa tazarar tana buɗewa gaba ɗaya da ƙarfi, bayan babur yana harbawa sama a tsaye bayan tudu guda, ko yana ɗaga ka a bakin tsalle har kan babur ya sunkuya a iska, to ta yi sauri, ka matse ta. Harbin gefe da harbin sama a hannu kusan iri ɗaya ake jin su, shi ya sa ban yarda mutum ya dogara da ji kawai ba, sai ya gani da idonsa. Ka tuna kuma cewa sifirin mai ƙarfi yana miƙewa da ƙarfi, saboda haka duk lokacin da ka ƙara ƙarfin sifirin sai ka ƙara matse dawowa da danni ɗaya ko biyu, in ba haka ba aikin da ka yi a baya ya rushe.

Fok ma haka yake, sai dai alamunsa a kwana suke fitowa. Idan ka saki birki a tsakiyar kwana sai gaban babur ya miƙe da sauri, tayar ta hau bakin kwarin da sauran babura suka haƙa ta fice waje, dawowar fok ta yi sauri. Idan kuma ramukan birki suna ƙara zafi ɗaya bayan ɗaya har kan babur ya fara rawa kafin ka isa kwana, ta yi jinkiri. Da yake ƙasar filin MX Bikes tana haƙuwa yayin da ake ta zagayawa, kada ka yanke hukunci a kan fili sabo mai santsi, ka bari ya ɗan lalace tukuna, domin a haka za ka same shi a rabin tseren gaske.

Yawan man fok yana shafar ƙarshen tafiyar ne kawai: ƙarin mai yana rage iskar da ke saman bututu, sai fok ya yi tauri a kusa da ƙarshe ba tare da ya ɓata laushin farko ba. Idan komai ya yi maka daidai sai bugun ƙarshe a manyan dira, nan za ka taɓa, ba sifirin ba. Zame fok sama a cikin maƙalansa yana sauke gaba ya ƙara kaifin juyawa, tsawaita hannun tayar baya kuma yana ƙara natsuwa a guje, amma waɗannan na bar su sai ka gama da sauran.

Saiti ɗaya ba zai yi maka ko’ina ba. A yashi mai zurfi irin na Lommel da ke Beljiyam ana son gaba ya tsaya sama kada ya nutse, don haka ka ƙara dannuwar fok, ka ƙara sag kaɗan, ka matse dawowa, tunda tuddan yashi dogaye ne masu ba shok lokacin miƙewa. A fako mai tauri da ƙananan ramuka masu kaifi akasin haka za ka yi, ka sassauta dannuwa ka saki dawowa domin taya ta riƙa bin ƙasa. Filayen cikin filin wasa irin na Amurka, masu tsalle a kan tsalle, suna buƙatar tauri fiye da duka. Ka ajiye kowanne da sunan da za ka gane, kamar yashi 1 da fako 1, kuma duk sauyin da za ka gwada ka yi shi a kan kwafi, ka bar na asalin yadda yake.