Yadda ake haɗa intanet ta layin ADSL (intanet ta wayar tarho) a gida ko ƙaramin ofis

An sha tambayata wannan, to ga shi daki-daki.

1. Ka karɓi sunan shiga da kalmar sirri ta PPPoE (hanyar shiga intanet ta layin) daga kamfanin da ya ba ka layi.
2. Ka jona wayar bango a ramin LINE na sifilita, 'yar na'urar da ke raba murya da intanet.
3. Ka sa tarho a ramin PHONE.
4. Ka haɗa ramin MODEM na sifilita da ramin DSL na rauta, na'urar da ke rarraba intanet ga kwamfutoci da wayoyi.

Hattara, nan ake yawan tafka kuskure: duk tarhon da ke kan layin ba tare da sifilita ko 'yar na'urar tace layi (filter) ba zai riƙa shuuu, intanet kuma ta yi ta yankewa.

5. Ka kunna rauta, ka jira fitilar DSL ta daina ƙiftawa. Kada ka yi gaggawa, takan ɗauki minti biyu.
6. Ka jona kwamfuta a ramin LAN.
7. A manhajar buɗe shafukan intanet ta kwamfutar, ka buɗe adireshin da ke manne a ƙasan rautar, galibi 192.168.1.1.
8. Ka shigar da bayanan PPPoE, harafi babba a babba, ƙarami a ƙarami.
9. Ka canza kalmar sirrin "admin" ta shiga saitin rautar, don Allah.
10. Ka kulle Wi-Fi da WPA2, tsarin tsaro mai kalmar sirri.