Sababbin zuwa, ga maganar tuƙi kafin ƙanƙara ta sauka

Duk shekara abu ɗaya ne a wajen mutanenmu mazauna ƙasashen sanyi. Da zarar dusar ƙanƙara ta farko ta zuba, kafin dare wayoyi sun fara ƙara, wane motarsa ta faɗa kwalbati, wane ya daki bayan wata mota a danja, wane batir ya mutu masa a wajen aiki da tsakar dare. Alhamdulillahi mutanenmu akwai zumunci, ban taɓa ganin an bar ɗan uwa a titi ba, wani zai taso daga barci ya ɗauko igiya da shebur ya tafi, kuma wannan abin alfahari ne. Amma gaskiya na gaji da ganin sababbin zuwa suna faɗawa ramin da mu muka faɗa shekarun baya, alhali ana gaya musu. Kana fara magana mutum zai ce maka ai shi tun yana saurayi yake tuƙi. Ɗan uwa ba wanda ya ce ba ka iya ba, titin ne ba irin wanda ka sani ba.

Ƙananan abubuwan ba zan daɗe a kansu ba. A duba batir kafin sanyi ya shigo, don sanyi yana cinye ƙarfinsa. Kar a zuba ruwa zalla a lagireto ko a tankin wanke gilashi, daskarewa zai yi, akwai ruwan wanke gilashi na hunturu da ake rubuta -40 a jikin jarkarsa. Kar a watsa ruwan zafi a gilashin da ya daskare, tsagewa zai yi. Wanda ke Amurka ya riƙe cewa 32 a ma'auninsu shi ne sifiri a namu, wato daidai inda ruwa ke daskarewa. Shi ke nan.

Inda nake so mu zauna sosai shi ne taya. Wallahi rabin wahalar da nake gani daga nan take. Mutum zai sayi mota ta hannu, mai sayarwa ya ce masa tayoyin na kowane yanayi ne, shi ke nan ya kwantar da hankalinsa. Robar irin wannan tayar tana fara tauri da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, tun ma kafin a ga dusar ƙanƙara, kuma robar da ta yi tauri ba ta kama kwalta. Tayar hunturu da roba mai laushi ake yin ta, ga ƙananan tsage-tsage a jikinta da ke cizon ƙanƙara. Ka durƙusa ka duba gefen tayarka da idonka, za ka ga hoton dutse mai kai uku da ɗigon dusar ƙanƙara a tsakiyarsa, idan babu wannan alamar to ka sake tunani. A Jamus tun Oktoban 2024 ita kaɗai doka ta yarda da ita idan titi ya yi ƙanƙara, tsohuwar alamar M+S ita kaɗai ba ta wadatarwa. A lardin Kebek na Kanada dole ne motarka ta kasance da tayar hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Siwidin daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris muddin akwai yanayin hunturu a titi. A lardin Ontariyo na Kanada ba dole ba ne, amma tun 2016 aka wajabta wa kamfanonin inshora su yi rangwame ga wanda ya saka, kuma da yawa cikinmu ba su ma tambaya. Kowa ya nemi dokar inda yake zaune, kar ka yi aiki da abin da abokinka na wata ƙasa ya faɗa maka.

Sannan guda huɗu ake sakawa. Na san kuɗi na wuya a shekarar farko, ga haya ga 'yan gida na jira, shi ya sa wasu ke saka biyu a gaba su bar na baya. Wannan ya fi haɗari, don gaban motar zai kama titi, bayan kuma ya zame, a kwana sai ka ga motar ta juya tana kallon inda ta fito. Akwai wani yaro da ya zo karatu, yaron kirki mai ladabi, ya nuna mini tayoyin da ya saya a hannun wani mutum yana murna ya samu araha. Na sa shi ya durƙusa muka karanta lambobi huɗun nan na ƙarshe da ke gefen taya, biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, sai ga shi tayar ta haura shekara goma, robar duk ta bushe ta yi tsatsage, zanen ya kusa suɗewa. Mai sayarwar ya san abin da ya yi, ya ga baƙo ne kawai. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, don da yaron nan ya hau babban titi da su Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Tayar hunturu idan zurfin zanenta ya gaza milimita 4 ta gama aikinta, ko da a ido tana da kyau. Iskar taya ma raguwa take yi idan sanyi ya ƙaru, a riƙa aunawa da safe kafin motar ta yi tafiya.

Masu manyan motoci masu jan ƙafa huɗu, ku ma da ku nake. Jan ƙafa huɗu yana taimaka maka ka tashi, ba ya taimaka maka ka tsaya, wajen birki kai da mai ƙaramar mota duk ɗaya kuke, kai ma ka fi shi nauyi.

A kan titi kuma tazara ce komai. Dokokin hanya na Birtaniya sun faɗa ƙarara cewa nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya a kan ƙanƙara yana iya ninka na busasshen titi sau goma. Sau goma fa. To ka bar rata mai yawa, wanda ya ga dama ya shiga gabanka, ka sake ja baya. Totur a hankali, birki a hankali, sitiyari a hankali, kuma ka rage gudu tun kafin ka shiga kwana, ba a tsakiyarta ba. A kashe na'urar nan mai riƙe wa mota gudu da kanta. Mafi sharri ita ce siririyar ƙanƙarar da ba a gani, titi zai yi kamar an ɗan yayyafa masa ruwa, baƙi yana sheƙi, alhali gilashi ne. Ta fi yawa da asuba, da inda inuwa ke rufe titi, da kan gada, don gada iska na kaɗa ta sama da ƙasa, ita ke fara daskarewa. A Fabrairun 2021 a garin Fort Worth na jihar Texas motoci sama da 130 suka yi karo da juna a kan irin wannan ƙanƙarar, mutum 6 suka rasu, kuma Texas ba wurin da ake lissafawa cikin masu tsananin sanyi ba ne. Kar ka ce ai an watsa gishiri, idan sanyi ya kai wajen -10 gishirin ba ya narkar da ƙanƙara kamar yadda ya saba.

Idan motar ta fara zamewa, ɗaga ƙafa daga totur, ka kalli inda kake so ka je, ka juya sitiyari can a hankali. Idan dole ka tsaya, motocin yanzu suna da ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki, ka taka birki da ƙarfi ka riƙe, za ka ji fedar tana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka tana gurnani, aikinta take yi, kar ka saki. Mutane da yawa tsoro ke sa su ɗaga ƙafa a daidai wannan lokacin. Shi ya sa nake roƙon kowane sabon zuwa, ranar da dusar ƙanƙara ta fara zuba ka samu wani tsohon zama ya raka ka filin ajiye motoci da ba kowa, ka taka birki a ƙaramin gudu ka ji yadda abin yake tun babu mota a gabanka.

Kafin ka tashi ka share motar gaba ɗaya, gilasai, fitilu, madubai, har rufin. Masu huda ɗan rami a gilashin gaba suna leƙe, dan Allah ku daina, dusar ƙanƙarar da ke kan rufin za ta zubo ta rufe maka ido da ka taka birki, ko ta tashi ta daki na bayanka, kuma a wurare da yawa tara ce. Iyaye mata da maza, a cire wa yaro jibgegiyar rigar sanyi kafin a ɗaure shi a kujerarsa, sai a lulluɓa masa bargo a sama, rigar tana hana bel ɗin matse jikinsa.

A but a ajiye bargo, shebur, tocila, safar hannu, wayar jona batir da cajar waya, tanki kuma kar ya sauka ƙasa da rabi. A Janairun 2022 mutane sun kwana a kan babban titin I-95 a jihar Virginia, har Sanata Tim Kaine ya yi kusan awa 27 a cikin motarsa. A Disamban shekarar guguwar dusar ƙanƙara a yankin Buffalo na jihar New York ta kashe sama da mutum 40, wasu a cikin motocinsu aka same su. Idan ka maƙale ka zauna cikin motar, ka kira 911 ko 112 ko 999 gwargwadon ƙasar da kake, ka riƙa kunna injin na ɗan lokaci kana kashewa, amma kafin ka kunna ka fita ka share bakin salansa. Idan dusar ƙanƙara ta toshe shi hayaƙin ciki yake dawowa, iskar da ke kisan ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci kawai zai ji.

Saura takardu. Da yawa cikin sababbin zuwa da aikin kai saƙo a mota suke farawa, kuma ranar da yanayi ya fi muni ranar aka fi samun oda, na sani. To ku sani yawancin inshorar mota ta amfanin kai ba ta ɗaukar hatsarin da aka yi ana cikin aikin kuɗi, sai ka sanar da su sun ƙara maka wannan ɓangaren. Ka kira su tun yanzu ka tambaya, ka ce su turo maka amsar a rubuce. Idan tsautsayi ya faru ka ɗauki hotuna, ka karɓi bayanan ɗayan direban, amma kar ka tsaya a tsakiyar titi kana duba inda aka buga, motar da ke tafe ita ma a kan santsin nan take. Kuma ka karanta allunan unguwarku, garuruwa da yawa suna hana ajiye mota a bakin titi a daren da za a kwashe dusar ƙanƙara, in ka bar ta za ka fito da safe ka tarar an ja ta, ga tara ga kuɗin ajiya.