Yadda Ake Binciken Tarihin Kaka Ɗaya ta Filin Shaƙatawa: Misalin Luna Park a 1903

Ɗalibin tarihi a Samaru da aka ba shi aikin rubuta labarin wani filin wasa da shaƙatawa na ƙasar waje zai fi samun sauƙi idan ya taƙaita bincikensa ga kaka ɗaya, maimakon ya rungumi shekaru arba'in ya kasa ɗauka. Irin waɗannan filaye a arewacin Amurka ba sa aiki duk shekara, domin sanyin hunturu yana rufe su; ana buɗewa a watan Mayu, a rufe a Satumba, kamar yadda damina take da farko da ƙarshe a wurin manomi. Za mu yi misali da Luna Park da ke Coney Island a birnin Niyok, wanda aka buɗe ranar 16 ga Mayu, 1903.

Kada ka fara daga ranar buɗe ƙofa, ka koma baya da shekara biyu. Masu filin, Frederic Thompson da Elmer Dundy, sun yi suna ne a baje kolin Buffalo na 1901 da wani wasa da ke sa ɗan kallo ya ji kamar jirgi ya kai shi duniyar wata. A 1902 suka kawo wasan zuwa Steeplechase Park, filin shaƙatawa na George Tilyou da ke Coney Island, sannan suka karɓi tsohon filin Sea Lion Park suka gina nasu. A wurin ne, ana cikin gini, aka kashe giwar da ake kira Topsy da wutar lantarki ranar 4 ga Janairu, 1903, kuma wanda ya fara karatu daga Mayu ba zai ga wannan ba.

Daga nan sai jaridu. Tsofaffin bugu na Brooklyn Daily Eagle suna intanet, haka ma jaridu masu yawa da ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka ya adana. Idan ka samu sabis mai ƙarfi a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello, ka sauke shafukan gaba ɗaya, ka je gida ka karanta a tsanake. Ka ja layuka a littafin rubutu: kwanan wata, yanayin sama, sabon wasa, hatsari. Bugun Litinin ya fi amfani, domin shi ke ɗauke da labarin cinkoson Lahadi.

Wurin da ya fi bukatar hattara shi ne alƙaluma. Za ka ga an ce filin yana da ƙwan lantarki kusan 250,000, za ka kuma ga adadin 'yan kallo na kowace rana, amma yawancin waɗannan lambobi daga bakin masu tallan filin suka fito, 'yan jarida kuwa suka buga yadda aka ba su. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan sallah ya san ba a ƙirga dawakan basarake da kirarin maroƙinsa. Saboda haka ka gwada jaridu biyu ko uku, kuma inda lambar ta masu filin ce, ka rubuta cewa su ne suka faɗa. Haka nan kuɗin shiga santi 10 ne, amma manyan wasannin ciki kowanne da nasa kuɗin, don haka lissafin ƙofa kaɗai ba ya nuna abin da aka samu.

Hotuna ma suna yaudara, musamman katunan gaisuwa da aka yi wa launi daga baya, domin ana sauya fasalin filin kusan kowace shekara. Ga wata alama mai sauƙi: Dreamland, kishiyar Luna da ke tsallaken titin Surf, sai a 1904 aka buɗe ta, don haka duk hoton da doguwar hasumiyarta ta bayyana a ciki ba na 1903 ba ne.

Ka tsayar da labarin a watan Satumba, lokacin bikin Mardi Gras na rufe kaka wanda aka fara yi a Coney Island a wannan shekarar, ka bar gasar Luna da Dreamland ga wanda zai rubuta tarihin 1904.